Takarda Daga Dutse

Ran Litinin ta iso Garin Tambai
a aljihun direban motar Kafin Hausa,
ninki huɗu, da ɗigon manja a gefe.
Wai a cike, a mayar kafin wata ya mutu:
mambobi nawa, maza nawa, mata nawa,
ƙafa nawa ke shiga ɗakin karatun a yini.
Gurbin amsa bai kai ƙwayar gurjiya ba.

Na jawo rajista.
Suna sittin da uku.
Tara sun tafi ci-rani, shiru kake ji.
Huɗu sun riga mu gidan gaskiya,
hannuna ya ƙi soke su.
Har yau ana bin Malam Barau littafin kiwon zuma,
shi da ya shekara biyu kwance a gindin aduwa.

To, ina zan sa Hansatu mai ƙuli-ƙuli
da ba ta taɓa tsallake dokin ƙofar nan ba?
Ɗanta Cindo ke zuwa, ya cusa littafi a riga.
Bayan isha ya kunna tocila a tsakar gida,
mata takwas na ɓarar gyaɗa suna saurare,
har a yi musu kan wa ya fara laifi a labarin.
Littafin ya dawo yana ƙamshin tuya,
shafi na arba'in ana hango na bayansa don mai.
Kati ɗaya.
Kunne goma sha shida.

Ina zan sa Arɗo Giɗe?
Ba ya boko, ba ya sa hannu,
ya ce biro ba sandarsa ba ce.
Sai ya buɗe littafin cututtukan dabbobi,
ya bi hotuna a hankali kamar mai bin sawu,
ya dangwala yatsa: wannan ke damun jar karsanata.
Ni in karanta, shi ya haddace.
Wane ne mai karatun a cikinmu?

Ranar da hadari ya koro manoma daga fadama
mutum goma sha ɗaya suka faɗo, jiƙe sharkaf.
Biyu suka tsaya gaban taswirar bango
suna neman garin da ƙanensu ke gadi.
Da suka samu, ɗaya ya auna da taƙi,
ya ce, ashe nan da nan ne.
Wannan shiga ce ko fakewa?
Takarda ba ta tambaya ba.

Ga Iliya, da cajin waya kawai ya kawo shi,
ya ɗauki littafi don rage zaman jira.
Waya ta cika tun azahar,
shi sai da ladan ya kira la'asar ya ɗago.

Ga kuma gara, wadda ta fi kowa naci.
Ta sauke kundin tarihi, juzu'i uku,
ba ta taɓa neman kati ba.

Na san abin da lamba ke haifarwa.
In ta yi kaɗan, a zuba takin zamani a ɗakin,
an daɗe ana auna shi da ido.
In na ƙara mata gishiri,
yatsun nan za su ba da shaida ranar da baki zai yi shiru.

Na rubuta sittin da uku.
Na goge.
Hamsin da tara, Allah ya ji ƙan huɗun.

Sannan na juya bayan takardar, fari fat,
na fara jera waɗanda ba su da gurbi,
Hansatu, Lantana, Dije, Arɗo,
masu taswira da ban san sunansu ba,
har biro ya fara shaƙewa.
Na san babu mai juya ta a Dutse.

Ina cikin ninkewa Cindo ya leƙo ta taga,
da guntun ƙuli a leda, an ce a ba ni.
Inna ta ce na jiya bai ƙare daidai ba,
wai akwai na biyunsa?